Farmasi ko Kine: Wasiƙa Zuwa ga Ɗiyata

Dungas

Zuwa ga ɗiyata abar alfaharina,

Ina ƙara yi miki barka da cin jarrabawar bak ta kammala sakandare. Bak D ba wasa ba ce, kuma kowa a dangi ya san yadda kika riƙa raba dare a kan littafi kafin ki same ta. Allah ya sa albarka a cikinta.

Saƙonki ya same ni. Kin ce mahaifinki yana son ki karanci farmasi, ke kuwa ranki ya fi kwantawa da kine, aikin gashi da motsa gaɓɓai. Kina jin nauyin ki musa masa, kina kuma tsoron ki bi son ranki ki zo kina da-na-sani. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ki karanta a natse, sannan ki kai wa mahaifin naki, Malam, shi ma ya karanta, domin ba na son in faɗa miki abin da ba zan iya maimaitawa a gabansa ba.

Kin san malamin asibiti ne ni. Na yi rayuwar aikina a gidajen likita na karkara tsakanin ƙasar Magariya da ta Dungas, tun kafin a raba su gunduma biyu a 2011. Kujerar majo, wato shugaban gidan likita, wuri ce da ake hango ayyukan nan biyu da kyau. Daga kanta ake ganin ranar da magani ya yanke, daga kanta kuma ake ganin maras lafiyar da magani ya gama nasa aikin amma bai tashi ba. Abin da na gani daga wannan kujera zan faɗa miki.

Bari in fara da zaɓin Malam, domin yana da hujja. Mutanenmu in an ce farmasi, abin da suke hangowa shi ne kanti mai gilashi da sanyi, da mutum cikin farar riga yana miƙa kwali yana karɓar kuɗi. Wannan ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Babban yankin yana can ɗakin ajiya da kan takardar lissafi, inda idon jama'a ba ya kaiwa.

Kin san daminarmu. Daga Yuli zuwa Oktoba rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, zazzaɓi da tamowa su haɗu a jikin yaro guda. Tun shekarar yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a sashen yara na asibitin Magariya, kuma a Satumban 2018 ta sanar wa duniya cewa yara sama da 700 ne kwance a wurin, kimanin 10 kuma ke rasuwa kowace rana. Kowane gado daga cikin waɗannan akwai lissafi a bayansa: allurar artesunat ta mai zazzaɓi mai tsanani, madarar F-75 da F-100 ta mai tamowa, amoksisilin, ruwan ƙari, ledar jini, abin gwajin zazzaɓi na ɗan yatsa. Dole wani ya zauna tun cikin bazara ya ƙiyasta abin da za a buƙata a Satumba, ya yi oda, ya bi sawunta, ya raba wa Bande da Wacha da Yekuwa da Gushi da Mallawa da Dogo-Dogo tun ruwa bai ɓata hanya ba. In ya gaza a lissafi, magani ya yanke ana tsakiyar buƙata. In ya zarce, ya lalace a kan kanta. Haka ma maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, wanda Magariya na cikin wuraren da aka fara shi a Nijar a 2013. Wata-wata ake bayar da shi, in kaya suka makara kuwa, sauro ba ya jira.

Ga kuma zafi. Allurar rigakafi, da insulin na mai ciwon suga, da oksitosin da ke tsayar da jinin mai haihuwa, duk sanyi suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura 40. Oksitosin da zafi ya raunana ba ya canza launi. Sai an yi wa mace allurar, jini ya ƙi tsayawa, sannan a gane. Mai hana aukuwar haka shi ne wanda ke duba firiji safe da yamma yana rubutawa, ya kuma iya cewa a zubar da kwali guda ko da shugabansa ya ɓata rai.

Sai babbar masifa, jabun magani. Mu mutanen bakin iyaka ne. Daga Magariya zuwa Babura, daga Dungas zuwa Maigatari, kaya na shige da fice kullum, kuma a cikinsu har da ƙwayoyin da ba wanda ya san inda aka yi su. Ki shiga kasuwar ƙauye, za ki tarar da mai tire cikin rana tsaka, ja da rawaya da kore, yana ba kowa abin da ya nuna da yatsa: ƙwaya biyu ta kashe ƙwayoyin cuta ga mai tari, tramadol ga saurayi mai kabu-kabu ko ɗan ƙwadago, deksametazon ga budurwar da ke neman ƙiba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, magani ɗaya cikin 10 ko jabu ne ko maras inganci. Mu kam mun ɗanɗana. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutane sama da 50,000 a Nijar allurar rigakafin da daga baya aka gano babu magani a cikinta, kuma a 2015 da 2019 an sake kama jabun allurar sanƙarau a ƙasar nan. Da aka rufe mana iyakoki bayan Yulin 2023, kowa ya ga yadda kantunan farmasi suka fara rasa kaya, domin kusan duk abin da muke sha daga waje yake zuwa. Ofishin ONPPC da aka kafa tun 1962 don saye da raba magani, da ɗakin gwaji na LANSPEX mai duba ingancinsa, da ma'ajin kowane asibiti, duk suna buƙatar mutane masu ilimi da tsoron Allah. Masanin magani kamar mai tsaron rijiyar gari yake: dubbai ke sha daga hannunsa, amma ba a tuna shi sai ranar da ruwa ya ɓaci.

Karatun kuma ba ƙarami ba ne. Shekara 6 ne a tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, a ƙarshe ki rubuta kundi ki kare shi a gaban malamai, a kira ki dokta. Ƙashin bayansa ilimin sinadarai ne: yadda ƙwaya ke narkewa, yadda hanta ke sarrafa ta, yadda ƙoda ke fitar da ita, wace ce ba ta haɗuwa da wace, nawa za a ba yaro mai kilo 6 da tamowa ta riga ta raunana. Za ki karanci tsirrai ma, da guba, da gwajin jini. Wanda lissafi da hadda ba sa gundurarsa, wanda ke jin daɗin abu ya zauna daidai a layinsa, zai ji daɗin wannan hanya.

Abin da nake so ku duba ke da Malam shi ne inda hanyar ke ajiye mutum. Kantin farmasi yana son jari mai kauri da lasisi da masu saye masu kuɗi a hannu, shi ya sa mafi yawansu suka taru a Yamai da manyan birane. Matashin da ya fita daga ƙauyenmu da niyyar dawowa, sau da yawa birni ke riƙe shi, kuma ba laifinsa ba ne, can aikin yake. In kin zaɓi farmasi, ki zaɓe ta da sanin wannan.

Yanzu ga kine. A nan zan ɗan daɗe, domin ita ce mutanenmu ba su sani ba, kuma abin da ba a sani ba shi ake rainawa.

Mu ma'aikatan lafiya an koya mana mu hana mutuwa, kuma alhamdu lillahi, yara da yawa da a da za su tafi yanzu suna rayuwa. Amma sallama daga asibiti daban, warkewa daban. Yaron da zazzaɓi ya hau wa kai ya yi kwanaki a sume, ko wanda sanƙarau ya kama, ko wanda ya sha wahala wajen haihuwa bai yi kuka da wuri ba, ko jaririn da shawara ta yi wa yawa, wani daga cikinsu zai koma gida wuyansa bai tsaya ba, hannu a dunƙule, ƙafafu a sanƙare. Uwa ta goya shi shekara uku, shekara biyar, a ce iska ce, a yi ta turare da rubutu. Alhali akwai ilimin da ke koya wa uwar yadda za ta zaunar da shi, yadda za ta ba shi abinci kada ya shaƙe, yadda za ta miƙe masa gaɓɓai kullum kada su ƙage, yadda wasa da kansa ke tayar da ƙwaƙwalwa. Ko yaron da ya fito daga tamowa mai tsanani, nauyinsa na iya dawowa amma zama da rarrafe da tafiya su yi jinkiri in ba a motsa shi ba.

Ki dubi manya. Hawan jini ya cika gidajenmu, mafi yawan masu shi ba su ma sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Watannin farko bayan faɗuwar su ne lokacin da jiki ya fi karɓar gyara. In a cikinsu aka samu mai juya shi, mai zaunar da shi, mai tsayar da shi, mai koya wa hannun riƙe ludayi, da yawa suna komawa masallaci da ƙafarsu. In aka shimfiɗe shi a ɗaki ana jiran ikon Allah ba tare da an yi sababi ba, kafaɗa ta ƙage, gyambon kwanciya ya fito, magidanci ya koma abin ɗauka. Ga waɗanda kabu-kabu ya kayar: maɗori ko likitan ƙashi ya haɗa karaya, amma gwiwar da ta yi wata biyu a ɗaure ba ta lanƙwasuwa sai an bi ta a hankali. Ga yaran da ke faɗawa wuta da hunturu wajen jin ɗumi: in ba a ɗaure gaɓar a miƙe ba lokacin da ƙunar ke warkewa, fata ta janye, haɓa ta manne da ƙirji ko yatsu su haɗe. Ga masu shan inna da kike gani a kan kekunansu a bakin kasuwa. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da mu, suna buƙatar ƙarfen ƙafa da sanda da mai kula da su har tsufa.

Akwai wuraren da ake wannan aiki a ƙasarmu, kuma ina so ki san su. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da yaran da cutar zaizayar baki ta ci wa fuska, kuma wani babban sashe na jinyarsu motsa muƙamuƙi ne kullum don kada baki ya rufe. A babban asibitin Damagaram da na Yamai akwai sashen ƙera ƙafar roba da koya wa mutum tafiya da ita, wanda ƙungiyar agaji ta CICR ta tallafa wa. A Yamai akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010, inda ake gyara ƙafar jaririn da aka haifa da ita a murɗe ta hanyar ɗaurin filasta mako-mako. A Danja, kusa da Maraɗi, ana jinyar masu kuturta da mata masu yoyon fitsari. Ki lura da sunayen: Damagaram, Yamai, Maraɗi. A ƙidayar 2012 mutanen gundumomin Magariya da Dungas sun haura 900,000, yau kuma sun fi haka nesa ba kusa ba. A zamanin aikina, duk wanda ke buƙatar kine takarda muke rubuta masa zuwa Damagaram. Aikin kuwa ba na zuwa ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa makonni da watanni. Manomin da zai bar gonarsa, ya biya mota shi da ɗan rakiya, ya nemi masauki a birni, sau nawa zai iya? Mafi yawansu takardar a aljihu take tsufa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4, wato ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da wata lalurar da irin wannan jinya za ta amfana, kuma a Mayun 2023 babban taronta ya zartar da ƙudurin farko a kan lamarin. Bambancin kawai shi ne a wasu ƙasashe mai kine yana unguwa, a wajenmu yana bayan doguwar tafiya.

Akwai wata lalura da ayyukan biyu ke haɗuwa a kanta, wadda duk malamin asibitin karkara ya sani. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi wurin mai allura na ƙauye, ya soka masa kinin a ɗuwawu ba a gurbin da ya dace ba, allurar ta taɓa babbar jijiyar da ke saukowa ƙafa. Zazzaɓi ya sauka, ƙafa ta saki, yaro ya riƙa jan ta. Da akwai tsaro a kan wanda ke sayar da allura da wanda ke yin ta, da abin bai faru ba, wannan aikin masanin magani ne. Tunda ya faru, mai hana ƙafar ƙagewa, ya sa mata abin tallafi, ya yi ta motsa ta har jijiyar ta farfaɗo gwargwadon iko, shi ne mai kine. Ɗaya yana tare ɓarna a ƙofa saboda mutanen da ba zai taɓa gani ba. Ɗayan yana zama da mutum guda har ya san sunayen 'ya'yansa. Ki tambayi kanki a wanne wuri kike ganin kanki in kin kai shekara arba'in.

Sai batun ke mace ce, kuma wannan shi ya fi tsaya mini a rai. Aikin kine aikin hannu ne, taɓa jiki ne. Ki tuna matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, wasunsu har da ƙafar da ta saki. Ki tuna tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, da mai jegon da ƙugu ya hana ta miƙewa, da budurwa mai sikila da ƙashin cinyarta ya lalace. Da yawansu ba za su yarda namiji ya taɓa su ba, wasu kuma mazansu ne ba za su yarda ba, sun gwammace su zauna da ciwon. Ƙwayar magani ba ruwanta da wanda ya miƙo ta, namiji ko mace. Hannun da zai riƙe ƙugun matar aure ya koya mata tsayuwa kuwa, a ƙasarmu sai na 'yar'uwarta mace. In wani ya ce miki aikin bai dace da 'yar Musulmi ba, ki tuna masa da Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tantinta a Madina tana jinyar masu rauni, har Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu wurinta bayan yaƙin Khandaƙ.

To, mu zo ga abin da ke damun Malam, wato abinci. Gaskiya ɗaya ce: farmasi ta fi kawo kuɗi, ta fi suna, kuma ƙofofinta sun fi yawa. Mai wannan digiri zai iya aiki a asibiti, ko wajen manyan dillalan magani, ko ɗakin gwaji, ko ƙungiyoyin agaji, ko hukumar sa ido, ko ya riƙe wa wani kanti kafin ya buɗe nasa. Guraben kine a aikin gwamnati kaɗan ne, na ƙungiyoyi kuma kwangila ce mai ƙarewa. Ga wata wahalar: mutanenmu in ba a yi allura ko an ba da ƙwaya ba, gani suke ba a yi magani ba. Za ki sha jin ana cewa, wannan ai tausa ce, kakata ma ta iya. Sai kin yi haƙuri har mutum na farko ya ajiye sanda a gaban jama'a, sannan za su fara sallama a ƙofarki. Amma akwai sauƙi ta wani gefen. Buɗe wurin kine ba ya cin jarin da kantin magani ke ci. Ɗaki mai tsabta, gadon gwaji, tabarma mai laushi, ƙarafan koyon tafiya da mai walda na Magariya zai iya haɗawa, kujerar yaro da kafinta zai ƙera in kin zana masa, sai iliminki da hannuwanki. Kayan aikin ba sa ƙarewa don an rufe iyaka.

Shekarun karatu ma abin dubawa ne. A makarantun da ke koyarwa da Faransanci, digirin farko na kine shekara 3 ne, rabin na farmasi ke nan. Makarantar kine ta Kwatano a Benin da makarantar ENAM ta Lome a Togo sun horar da ma'aikata da yawa na yankinmu. A Najeriya karatun ya fi tsawo kuma da Ingilishi ake yi. Jami'ar Ibadan ta fara shi tun 1966, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashensa, ga asibitin ƙashi na Dala da aka kafa a 1959, inda ɗalibi zai ga karaya iri-iri. Kano ta fi Yamai kusa da ɗakin mahaifiyarki ƙwarai, amma sai kin ƙarfafa Ingilishi, kuma in kin dawo sai an daidaita miki takardar da ta gida. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa yanzu a biranenmu. Ko wace ce ta burge ki, kada a biya ko dala sai an tabbatar gwamnati ta amince da sashen da kuma takardar da suke bayarwa, sai kin ga asibitin da ɗalibansu ke koyon aiki, sai kin yi magana da wanda ya gama a can kin ji inda yake yau. Ki kuma je da kanki ki tambayi sharuɗɗan tallafin karatu na hukumar ANAB a kan kowane fanni, domin shekara 6 a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, nauyi ne da sai gida ya shirya masa.

Kada kuma gajartar shekaru ta ruɗe ki ki ɗauka kine mai sauƙi ce. Za ki haddace kowane ƙashi da kowace tsoka da jijiyar da ke motsa ta. Za ki yini a tsaye, ki ɗaga mutumin da ya fi ki nauyi, ki koyi yadda za ki kare bayanki. Za ki sa yaro mai ƙuna kuka don amfanin kansa, uwarsa na kallonki. Wani za ki yi wata shida da shi, abin da za a samu bai wuce ya iya zama shi kaɗai ba, kuma dole ki san cewa wannan ma nasara ce, domin matar da ke ɗaukarsa ta samu hannunta. Wani kuma ba zai tashi ba, sai ki faɗa wa iyalinsa gaskiya cikin tausasawa. Wanda ke son ganin sakamako yau-yau, aikin nan zai karya masa zuciya.

Tunda kin tambaye ni ra'ayina, ba zan ɓoye ba. Na san ki tun kina goye. Na ga yadda kika zauna da kakarki lokacin da ciwo ya kwantar da ita, kina juya ta, kina lallashinta ta ƙara taku ɗaya, ba ki taɓa nuna ƙyama ko gajiya ba. Na kuma ji daga bakinki cewa darasin jikin ɗan Adam ya fi shiga ranki fiye da na sinadarai. Da wannan hali, da kasancewarki mace, da irin giɓin da na gani da idona a ƙauyukan Magariya da Dungas, ni na fi karkata ga kine. Masana magani muna buƙatar ƙarinsu, amma hanyarsu sananniya ce, kowace shekara ɗalibai masu ƙwazo na rububinta. Wannan ɗayar kuwa masu bin ta kaɗan ne, mata a cikinsu sun fi ƙaranci, masu jiranta kuma suna kwance a ɗakuna ba sa iya zuwa su yi magana da bakinsu.

Duk da haka, gani ya kori ji. Kafin lokacin rajista, ki roƙi izinin Malam ki je Damagaram wurin gwaggonki ki yi mako biyu. Mako ɗaya ki nemi a bar ki ki zauna a ma'ajin magani na asibiti, ki ga yadda ake karɓar kaya, da cika katin ajiya, da karanta takardar likita. Mako ɗaya ki zauna a sashen kine daga buɗewa har tashi. Zan rubuta miki takarda zuwa ga tsofaffin abokan aikina. A kowane wuri ki tambayi ma'aikatan abu uku: me ya fi gajiyar da su, me ya sa ba su bari ba, kuma in 'yarsu ce za su bar ta ta shiga? Ki lura da kanki ma: a wanne wuri kike duba agogo, a wanne kuma la'asar ke riskar ki ba ki sani ba. Bayan nan ki yi istihara. In kika dawo kika ce farmasi, wallahi zan yi murna, sai dai in roƙe ki ki riƙa tuna ma'ajin asibitin karkara da mai tiren kasuwa, kada kanti ya zama iyakar burinki.

Malam, wannan sakin layin naka ne. Na san ba kwaɗayi ke sa ka son farmasi ba, so kake ɗiyarka ta tsaya da ƙafarta, kada ta roƙi kowa. Burina ke nan ni ma. Abin da nake roƙo shi ne a bar ta ta gani da idonta kafin a yanke, kuma duk wanda ta ɗauka a bar ta ta kai ƙarshensa, ko da masu neman aure sun yi sallama a tsakiya. Wanda ke son ta da gaske zai jira, ko ya yarda ta ci gaba a ɗakinsa bisa sharaɗin da za a faɗa a gaban shaidu. Ni kuma na ɗauki nauyin kuɗin littattafai da na mota gwargwadon ƙarfina.

Zan shigo Magariya da zarar an gama girbin gero, in Allah ya kai mu, mu zauna mu uku da mahaifiyarki ta huɗu mu ƙarasa maganar. Kafin nan ki haɗa takardunki wuri guda, takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da sakamakon bak, ki yi musu kwafi a buga hatimi, kada ranar rajista ta zo ana neman abu.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, da ƙanwata, da yara duka. Iyalina suna gaishe ku. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sa ilimin ya amfane ki ya amfani jama'a, ya tsare ki a duk inda karatu ya kai ki.

Wassalam.

Ni ne naki,
Kawunki